Kunamar da Ta Raba Mu da Baba Sule

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya maigidan, ya su Amira, ya sanyin can? Alhaji da Hajiya suna nan lafiya lau.

Baba Sule mai lambu ya bar aiki, kuma ni na jawo. Kin san na daɗe ina son kiwon kunama. Na zaɓi baƙar nan babba, wadda aka ce dafinta ba shi da ƙarfi, ta fi dacewa da sabon shiga. Sai na ce ya riƙa kamo mata gyare a lambu. Kwana uku yana kawowa bai ce uffan ba. Ran na huɗu ya ajiye kwalbar ya ce, "Uwar ɗakina, kunama ce ta kashe min Hauwa tana shekara biyu. Ba zan iya ciyar da wannan ba." Washegari ya koma ƙauyensu.

Yaya, shekara ashirin yana gidan nan, ban taɓa sanin ya haifi wata Hauwa ba.

Na mayar da kunamar. Ki gaida kowa, ki taya ni addu'a ya yafe min.

Ƙanwarki,
Maryam