Rasuwar Sarkin Gudun Lolo, da Kofinsa da Aka Riƙe

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar 'Yan Tseren Dogon Zango ta Bagudo da Kewaye, a madadin Mai Girma Shugabanta, Alhaji Malami Kanta, da dattawanta da ɗaukacin 'ya'yanta, tana sanar da jama'a cewa ta sami labarin rasuwar jagoranta, Malam Maidawa Gaji, Sarkin Gudun Lolo, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talatar da ta wuce bayan gajeriyar jinya ta zazzaɓi.

Tun zamanin Bature marigayin ne ake aikawa da saƙon gaggawa daga Lolo zuwa Bahindi har Zagga, da ƙafa, ba takalmi, kuma in ban da jiran jirgin fito a bakin kogi ba abin da ke tsayar da shi. Shi ya koya wa samarinmu yadda ake tattalin numfashi, da kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, da haƙurin jure dariyar masu zaman gindin bishiya, waɗanda har gobe ba su gane dalilin da zai sa magidanci ya yi ta gudu alhali ba abin da ya koro shi ba.

Mun so mu tsaya nan, amma wallahi haƙurinmu ya ƙare. Kowa ya san cewa a tseren bikin samun 'yancin kai, shekarar 1960, wanda aka tashi daga kasuwar Lolo aka zagayo aka dawo, ruwa ya cinye hanyar fadama, marigayin ya bi burtalin da ya ratsa gonakin kakanninsa, ya kuma riga kowa isowa da tazara mai nisa. Sai ga masu girma 'yan Kwamitin Shagulgula sun ce wai burtalin ya shiga ƙasar Dahome, wai ba a ba wanda ya fita daga Nijeriya kofin Nijeriya. Mista Nwankwo mai kanti, wanda ya bi shi a kan keke, ya shaida cewa burtalin ya fi hanyar fadama tsawo. Shi kansa marigayin ya gaya musu cewa gero ya gani dama da hagu, bai ga wani layi a ƙasa ba. Aka ce za a zauna a duba. Ana ta zama, ana cin goro, ana watsewa, kofin yana cikin kabad ɗin Shugaban Kwamiti yana tsatsa.

Ranar Laraba aka kai Malam Maidawa makwancinsa a maƙabartar danginsa, wadda ke bayan waɗancan gonaki. Ta wannan burtalin aka bi da makara. Masu girma 'yan Kwamiti suna cikin sahun gaba, Shugabansu ma har da kama makara, Allah Ya ba shi lada. Mun gan su da idanunmu sun je sun dawo, ba wanda ya tambaye su takarda, ba kuma wanda ya ce sun daina zama 'yan Nijeriya.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mai ɗakinsa, Malama Fatimata, da 'ya'yansa, da ɗaukacin dangi na wannan gefe da na wancan gefe. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalinsa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, amin.

Ga masu girma 'yan Kwamiti kuma, roƙonmu ɗaya ne, cikin ladabi: a goge kofin nan a kai wa Malama Fatimata kafin sadakar arba'in. In kuwa har yanzu ana ganin sai mai shi ne zai karɓa, to ai yanzu kun san inda yake, kun kuma san hanya.

Sa hannu:
Malam Lauwali Wakili Zagga,
Sakataren Watsa Labarai,
Bagudo, Nuwamba 1962.