Kilomita Ɗari Shida na Piroska

Szeged, Laraba

Zuwa ga matata abar ƙaunata Piroska,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ciwon gwiwar Mama kuma ya yi sauƙi. Ni lafiya lau, zama ne kawai ya ishe ni. Kwana huɗu ke nan ruwa ya hana a fara gasar tuƙin jirgin sama da ta kawo ni. Jirage marasa inji arba'in suna ɗaure a ƙasa, mu kuwa sai shan miyar kifi da leƙen sama.

Na ga tafiyarki a shafin intanet ɗin da matuƙa jirgi ke ɗora tasu. Kilomita ɗari shida, a tsohon jirgin ƙungiyarmu ta matuƙa! Tibor, abokin hamayyata, ya karanta wa kowa da ƙarfi, ya ce ashe a gida na baro matuƙin, ni mai wankin jirgi ne kawai. Na yi dariyar dole.

Ina taya ki murna, amma ke kika zaɓi ranarki da hanyarki. A gasa kowa hanya ɗaya yake bi, rana ɗaya. Nan ake gane gwani.

Naki,
Lajos

Juma'a

Piroska tawa,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Mama? Amsarki ta iso, ta kuma ƙona ni. Kin ce shekara ashirin kina jan tirelar ɗaukar jirgi kina tsinto ni a gonakin mutane inda na sauka, ban taɓa tambayarki ina kike son zuwa ba. Na zagaya filin nan har takalmana suka jiƙe.

An ce gobe sama za ta buɗe. Uku na farko za a ɗauka cikin tawagar ƙasa. Shekarata hamsin da huɗu, ba na jin zan sake samun wannan dama. Ko abinci ba ya shiga.

Naki kullum,
Lajos

Lahadi

Masoyiyata Piroska,

Ina fatan kun tashi lafiya. Na zo na uku. Tibor na biyar, ya rungume ni yana cewa tsohon banza.

Sai dai ga abin da ya dame ni. Awa huɗu muna dawafi cikin iska ɗaya mai ɗaga mu sama, mu goma sha biyu, idona a kan fikafikan jiragen mutane kada mu yi karo. Da na sauka aka tambaye ni ko na ga yadda kogin Tisza ya cika. Wallahi ban ma san na ƙetare shi ba. A gabas gajimare sun jeru kamar an shimfiɗa titi, irin jerin da ke kai jirgi nesa, na juya musu baya saboda ba can aka zana mana ba. Tun jiya suke a raina fiye da lambar da aka rataya mini.

An ba ni takardar shiga tawaga. Idan na sa hannu, duk watan Mayu ina sansanin horo. Tana aljihuna, na fiddo ta na mayar ya fi sau goma. Ba zan sa hannu ba sai mun yi magana.

Zan iso Talata. Ki sa a ajiye mana jirgin nan mai kujera biyu. Ke za ki zauna gaba, a kujerar matuƙi.

Mijinki mai kewarki,
Lajos