Hutun da Aka Ba Yaya Aubrey

Alƙahira, Afrilu 1924

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba? Ya matata Winifred da jaririyarmu Maud?

Ni lafiya lau nake. Zazzaɓin ya sake ni, sai ɗan jiri idan fareti ya daɗe a rana. Kada ki faɗa wa Winifred.

Yaya Aubrey zai hau jirgin ruwa zuwa gida ranar Asabar. Kanar ya ba shi hutun watanni don ya je ya buga wa gundumarmu wasan ƙwallon kurket. Ni ma na shiga neman hutu, na ce ban taɓa ganin 'yata ba. Ko ɗago kai Kanar bai yi ba, ya ce, "Laftanar, kai ma ka iya buga ƙwallo kamar yayanka? To, koma bakin aiki." Sojojin Aubrey ma ni aka ɗora wa.

Jiya hafsoshi suka yi masa liyafa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba ƙanena, saki fuska mana! Zan sumbaci Maud a madadinka." Na yi dariya saboda idon mutane. Mama, ni ne fa na yi ta jefa masa ƙwallo a bayan gida har ya ƙware.

Allah ya kai shi lafiya, da gaske nake. Ki aiko min da ganyen shayi, amma jaridun nan masu hotonsa sun ishe ni.

Idan ya iso, ki bar shi ya ɗauki Maud, ban hana ba. Sai dai in ta yi masa dariya, kada ki rubuto min.

Ɗanki,
Cedric