Kurakurai Uku a Kowace Wasiƙa

Talata Mafara,
7 ga Maris, 2023.

Zuwa ga malamina kuma ubana, Malam Hayatu, Maradun.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa mai durƙuso, ina tambayar lafiyar Malam, da ta Inna Turai, da ɗaukacin gida. Yaya zafi, yaya ƙarfin jiki? Allah shi ƙara wa Malam nisan kwana.

Malam zai yi mamakin jin wannan takarda da Hausa, alhali shekara ashirin da shida ina rubuto maka da Turanci, kana mayar mini da ita ta hannun Kamilu direba, ta sha jan biro kamar gonar da barkononta ya nuna. Tun muna aji uku a Bakura haka kake: ka zagaye kalma, ka ƙi faɗin gyaranta, sai mun tono da kanmu. Na tuna ranar da na haɗa kalmar karɓar aro da ta ba da aro, ka ce in tsaya bakin taga har sai na san mai littafi tsakanina da abokin ajina Ayuba. Har waƙe na yi maka a lokacin:

Jan biron Malam ruwan bazara,
Inda ya ɗiga, nan tsiro ya fara.

To, wasiƙata ta watan jiya ta dawo fara fat, sai “madalla” a ƙasa, da rubutu mai gangarewa. Kamilu ya ce cutar yana ce ta rufe idanun Malam.

Dole in faɗi gaskiya. Akwai kurakurai uku a cikinta, kuma da gangan na dasa su. Haka nake yi shekara ashirin. Tun da na kama aikin akawu hannuna ya faɗa, na daina kuskure, sai na ji tsoron ranar da Malam zai rasa abin gyarawa, ya daina amsa mini. Na riƙa zaɓen kalmomin nan masu kama da juna ina musanya su, uku a kowace wasiƙa, kamar mai zuba wa tantabara dawa don ta dawo.

Ina roƙon Malama Suwaiba, ’yar Malam, ta karanta maka wannan a hankali. A gaida Inna.

Ɗalibinka,
Tijjani Marwa.

Talata Mafara,
21 ga Maris, 2023.

Allah shi gafarta Malam,

Sallama da gaisuwa, tare da fatan jiki ya yi sauƙi, iyali kuma suna lafiya.

Amsar da Malam ya shifta wa Malama Suwaiba ta iso, na karanta ta a tsaye. Na zaci Malam zai yi dariya. Ban taɓa sanin cewa duk ranar da takardata ta zo kana cewa da Inna ka koyar da ɗaruruwa, amma yaron da ka fi sa wa rai ya gagare ka ba. Ban san saboda ni ka ƙi karɓar ajin yamma da aka yi maka tayi bayan ritaya ba, kana cewa wanda ya kasa gyara mutum ɗaya bai cancanci arba’in ba. Ni ina nan ina murna da dabarata, kai kana can kana tuhumar aikin rayuwarka. Ka yafe mini, Malam, don girman Allah.

Na ji sharaɗin yafiyar: shafi guda na Turanci marar aibi, wanda Malama za ta karanta maka harafi bayan harafi. Na ɗauka aikin shan shayi ne. Kwana shida ke nan ina yi ina yagawa. Hannun da ya shekara ashirin yana musanya kalmomi ya saba. Sai in tsaya a kan guda, in kasa bambance ta gaskiya da wadda nake dasawa. Ƙamus yana kan teburina, amma na kife shi, don Malam bai taɓa yarda mu buɗe shi a jarrabawa ba.

Shafin yana cikin ambulan ɗin nan. In aka samu kuskure, Malama ta riƙe hannunka ka zagaye shi da kanka. Wallahi wannan karon nawa ne na gaske.

Gaisuwa ga Inna Turai da kowa da kowa. Wassalam.

Ɗanka mai jiran hukunci,
Tijjani Marwa.