Faten Acca a Otal ɗin Madam Caroline

Kafanchan,
29 ga Yuli, 1974.

Yaya Silvanus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, da matarmu Afiniki, da yara, da Baba. Ni lafiya lau. An ba mu dogon hutu, na rabu da alli da hayaniyar 'yan aji huɗu.

Ga abin da na shirya, kuma kada ka fara girgiza kai tun ba ka gama karantawa ba. Tunda an gama maimai, ina so ka sa Baba a motar Eli direba ranar Juma'a ta sama, ya zo ya yi mini kwana uku. Shekara shida ke nan tun rasuwar Mama bai tako Kafanchan ba, kuma ko a lokacin bai ga komai ba sai bangon asibiti. Zan zaga da shi gari, in ciyar da shi har wandonsa ya matse shi.

Kai kam ba zan ɓoye maka ba. A otal ɗin Madam Caroline za mu riƙa ci, ka kuwa san wanda ke kan tukunya a can, Nicholas ne. Ban manta abin da Baba ya faɗa gaban dattawa ba, ranar da mutanen Nicholas suka zo tambayar aurena: wai namijin da bai zubar da gumi a gonarsa ba, shi Baba ba zai ɗanɗana gishirin mutumin ba, balle ya ba shi 'ya. To, Nicholas a barikin reluwe aka haife shi. In ya je noman suruki, dariya kawai zai ba mutanen Fadan Kagoma. Amma hannun nan nasa akwai abin da ya iya. Baba bai taɓa ganin fuskarsa ba. Bari ya ci, ya yaba da bakinsa, sannan in gaya masa. Na san ubana, cikinsa ya fi kunnensa saurin jin magana.

Ka gaishe mini da kowa.

Ƙanwarka,
Mildred

Fadan Kagoma,
3 ga Agusta, 1974.

Zuwa ga ƙanwata Mildred,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Wasiƙarki ta same ni lafiya, na karanta ta sau biyu, kuma na girgiza kai duk da kin hana.

Ilimi bai kamata ya mantar da ke al'adar gida ba. Kin san a wurinmu uban da ya ci naman mai neman 'yarsa ya riga ya amsa, ko bai buɗe baki ba. Abin da kike shiryawa shi ne ki sa dattijon ikkilisiya ya karya maganar da ya yi a gaban jama'a ba da saninsa ba. Idan abin ya fito, ba auren kaɗai za ki rasa ba, kina iya rasa uba. Ki yi addu'a a kan wannan.

Duk da haka zan sa shi a mota, domin tun da na ce masa kina kiransa ya sa Afiniki ta wanke babbar rigarsa, yana kuma ta neman takalmansa na Kirsimeti. Ba ni da zuciyar da zan hana shi. Amma ki sani, idan ya tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba.

Ubangiji ya ba ki hikima.

Yayanki,
Silvanus Kambai

Kafanchan,
13 ga Agusta, 1974.

Yaya,

Gaisuwa da fatan Baba ya iso gida lafiya jiya. Ka duba shi da kyau, ka faɗa mini tsakani da Allah ko bai yi kumatu ba!

Ran Juma'a daga tashar mota na wuce da shi tashar jirgi. Muna kan dandamali jirgin Inugu ya shigo, da ya yi kuwwa sai Baba ya cire hula kamar an fara addu'a. Na kai shi loko inda ake gyaran kawunan jirgi. Ya zagaya ɗaya har sau biyu, ya ƙwanƙwasa ƙafar kan jirgin da sanda, ya ce, "Wannan ƙarfe duka, garma nawa za ta fita ciki?" Makanikai suka yi ta dariya, shi ko a jikinsa.

Daga nan sai otal. Faten acca aka fara kawowa, da yakuwa da gauta, wanda na yi mako biyu ina koya wa Nicholas yadda Baba ke so. Ya kai cokali ɗaya baki, sai ya tsaya yana kallon bango. Can ya goge ido da hannun riga, ya ce yaji ne. Kwano biyu ya tashi da su.

Ran Asabar muka tafi Matsirga, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Ruwan ya cika sosai saboda damina, ƙararsa ba ka jin maganar na kusa da kai. Na ce ya tsaya daga nesa, ina! Sai da ya gangara har feshin ya jiƙa babbar rigar nan sharkaf, ya dawo yana dariya irin wadda rabon da in ji ta tun Mama na da rai. Da ita a jiƙe aka ɗauke mu hoto a kasuwa. Da rana ya ci sakwara da miyar agushi da rabin kaza, ya sha lemo mai sanyi daga firji, ya ce haƙoransa sun mutu, ya sake neman wani.

Ran Lahadi bayan sujada, dafa-duka da farfesun akuya. Yana cikin ci ya ce a kira masa mai dafuwar. Nicholas ya fito, ya tuɓe takalma, ya tsuguna can bakin ƙofa. Baba ya ce, "Zo ka sa hannu, ɗana." Ya ce ya ƙoshi. Sau uku ana yi masa tayi, kansa na ƙasa. Baba ya dube shi ya ce, "Kuku na birni akwai ladabi." Ka ji fa, da bakinsa!

Ban gaya masa ba tukuna. Na so in faɗa a tasha, Eli ya dame mu da odar motarsa. Ƙarshen wata zan zo in faɗa masa da kaina, kuma ka sa ido ka gani, kafin Ista za ka sha biki. Af, Bernice ta garinmu mai sayar da citta ta gan mu a otal, ta zo ta gaisa, tana gaishe ku.

Taka,
Mildred

Fadan Kagoma,
22 ga Agusta, 1974.

Mildred,

Salama. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Bernice ta riga ki. Ta san Nicholas sarai, a wurinta yake sayen citta. Kafin a tashi daga sujada ran Lahadi babu macen da ba ta ji ba. A ƙofar majami'a Dattijo Kumai ya tari Baba a gaban mutane, ya ce, "Kambai, an ce gishiri na birni ya fi namu daɗi. Gaskiya ne?" Aka yi dariya. Baba ya ɗauki sandarsa ya tafi gida.

Jiya Laraba bai je addu'a ba, abin da bai taɓa yi ba sai da ciwo. Yini yake a gonar citta shi kaɗai. Bai tambaye ni kome ba, ni ma ban iya ɗaga ido na dube shi ba. Yau da safe ya ce in nemo takarda mai kyau in ajiye, idan ya gama tunani yana da saƙo zuwa gare ki. Kada ki zo sai kin ji daga gare shi. Ki shirya zuciyarki.

Yayanki,
Silvanus

Kafanchan,
24 ga Agusta, 1974.

Yaya,

Na gaishe ka. Kai ka yi gaskiya, ni na yi wauta, kuma ina jin tsoro. Wayon da nake taƙama da shi ya sa an yi wa ubana dariya a ƙofar majami'a. Ina roƙonka ka gaya masa laifin nawa ne ni kaɗai. Tun farko Nicholas bai so ba, ni na matsa masa.

Da ya ji labari ya je kasuwa ya sayi garma. Kwana biyu ke nan yana fama da ita a fegin bayan otal, tafin hannunsa duk ya yi bororo ya fashe, ko ludayi ba ya iya riƙewa. Kunyoyin da ya yi kuwa, gara kada ka gani. Ya ce ko za a yi masa dariya zai zo.

Ƙanwarka,
Mildred

Fadan Kagoma,
27 ga Agusta, 1974.

'Yata Mildred,

Ni ne ubanki Kambai nake magana, Silvanus yana rubutawa. Ina gaishe ki.

Kin ce kin ruɗe ni. Tun cokali na farko na sani. Mace ɗaya ce ke soya gyaɗa har ta kusa ƙonewa, ta daka ta da ɗanyar citta ta zuba a fate, kuma ni na binne ta. Ke kaɗai ta koya wa. Ba za ki ba baƙo hannun uwarki ba. Sannan wane kuku ne zai tuɓe takalma ya ƙi ci a gabana, in ba suruki ba?

Da sanina na ci kwana uku. Abin da nake tunani a gona shi ne yadda maganata ta gaban dattawa ba za ta faɗi ƙasa ba. Na ce gumi a gonata, ban ce da garma ba.

Ki ce masa ya ajiye garmar nan kafin ya lalatar da hannunsa. Haƙar citta a Nuwamba ne, na kira gayya, mutum arba'in. Ya zo da tukwanensa ya kafa murhu a tsakiyar gona. Kwanon farko na Kumai ne.

Ki aiko da hoton.

Ubanki,
Kambai