Gadar Galma ba ta mantuwa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Haule,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da girmamawa daga ɗiyarki Zara'u, wadda kika ce boko zai ƙarar mata da ido.

Inna, an ba ni aikin duba gadar ƙoramarmu, ta hanyar Madawa. Ta tsage, har ana batun rufe ta. Ga Rabi ƙanwata da tsohon ciki, haihuwa tsakiyar damina. In aka rufe, ba hanyar likita sai zagaye mai nisa. Na tsorata, ba zan ɓoye miki ba.

Bari in gaya miki aikina, tunda kin tafi kina zaton zane kawai nake yi. A cikin odinatar, wato kwamfuta, nake yanka gadar gutsi-gutsi, in ɗora mata nauyi, in ga abin da kowane gutsure yake ji. Amma nauyin yau kaɗai ba ya ba da amsa. Sai na bi da ita ta duk abin da ta ɗauka, bi da bi: ambaliyar da ta zaizaye gindinta, sannan kamiyoyin albasa, manyan motocin nan, da suka bi ta kanta tana raunane. Da kamiyoyin ne suka riga ruwan, da lissafin ya fita daban. Ƙarfen da ya wuce iyakarsa ba ya komawa yadda yake. Wannan muke kira tarihin nauyi.

Kin tuna gadon ƙarfenki da muka lotsar da tsalle? Kika kore mu da mafici kina cewa, “Ku tashi min nan! Ko an miƙe shi, nan dai za shi koma.” Har yau Baba a ramin nan yake kwana, ya hana a taɓa.

Na yi ta maimaita lissafin. Ƙafar gadar ɗaya ce ta gaji, sauran da ƙarfinsu. Za a tokare ta kafin ruwa ya sauka. Manyan motoci za su zagaya, direbobi suna ta zagina, na ji. Ƙanana da motar likita za su wuce.

Na kira Rabi na gaya mata. Ta ce in mace ta haifa, Haule za a sa mata.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sauki Rabi lafiya.

Ɗiyarki mai kewarki,
Zara'u