Sai Jiragen Jubail Sun Huta

Assalamu alaika, Abban Hanan, inuwata a zafin Makka, ruwan tuluna mai sanyi, hasken da nake biya karatu da shi. Ka gafarce ni da katse maka aiki. Na san hannunka na cikin baƙin mai, takardata kuwa ba ta da farfela balle ka waiwayo da sauri.

Ka tuna ranar da ka tafi Jubail, Hanan tana goye a bayana? Ka ce jiragen sojan ruwan nan masu saukar ungulu ba za su daɗe ba, ranar da aka ajiye su, kalas, shi ke nan, ka dawo unguwarmu Hindawiyya. Na riƙe maganarka yadda nake riƙe alwala. Suka yi sintirin teku, suka yi ceto, aka kwance su aka ɗaura, aka ƙara musu shekaru, aka sake ƙarawa. Ni wa ya ƙara mini? Ijaza ce rabona, ɗan hutun da suke ba ka, kamar hadarin da ke haɗuwa bisa duwatsun nan ya watse bai jiƙa kowa ba.

Shekarar da muka yi Hajji tare, a Mina, muna cikin talbiyya wani jirgi ya wuce. Ka karkata kunne, ka ce injinsa na neman a duba. Wallahi alfahari na ji a ranar. To, kunnen da ke jin ciwon ƙarfe daga sama, me ya hana shi jin muryata ta canja a waya?

Matar Yunus abokin aikinka ta zo gaisuwa, kuma ba da nufin ɓarna ta faɗa ba. Ta ce tun bara aka ajiye yawancin jiragen, aka sallami mai son tafiya. Yunus yana nan unguwar Rusaifa yana shan shayi da jikokinsa. Kai ka roƙa a bar ka da ragowar, kana ciro sassan matattun kana raya masu sauran numfashi. Ashe ranar da nake jira, kai kake tura ta gaba da hannunka.

Dangin Rabi'u, mai neman Hanan, suna son a ɗaura aure bayan Babbar Sallah. Duk zuwansu sai sun tambayi waliyyi. Ban iya ƙarya ba, ban iya tona maka asiri ba, sai in ce Allah ne masani. Hanan kuwa ta ce mini da Larabcinta a ba ƙaninka Mukhtaru wakilci a huta. Na hana. Ban san tsawon da hanin zai yi ba.

Ban fasa sonka ba, Abban Hanan, ba kuwa zan fasa ba har a sa ni a ƙasa, shi ya sa abin ke da ɗaci. Ko ka zo, ko ka ba Mukhtaru. Don Allah ka amsa mini da wuri.

Matarka,
Rumasa'u